Gashi mai lanƙwasa: yadda za ki haɗa masa ƙarfi da danshi a yanayin Zariya

Gashi mai lanƙwasa shi ne wanda bai miƙe sambal ba, bai kuma cure ba. Idan ya jiƙe aka bar shi ya bushe da kansa, sai ya riƙa karkata dama da hagu har zuwa baki. A Zariya an fi ganinsa a gidajen da ke da jinin Fulani, Shuwa ko Buzaye. Kowa na yaba shi, amma ana cutar da shi cikin rashin sani, domin dabarun da aka gada don gashi mai tauri ake yi masa: a lafta man kaɗanya ko basilin tun daga fatar kai, a ja shi da kitso, a rufe. Sau da yawa silinsa siriri ne, ba ya ɗaukar wannan nauyin. Sai ya kwanta ya manne, lanƙwasar ta ɓace, bakinsa kuma na ci gaba da karyewa duk da man da ya sha.

Abu biyu yake bukata, kuma kowanne da aikinsa. Na farko ƙarfi, na biyu danshi. Kafin ki sayi wani abu, ki gane wanne ne ya yi masa ƙaranci.

Abin da ke cikin sili ɗaya

Mafi yawan jikin gashi wani furotin ne mai suna keratin. Shi ne ke tsakiyar sili, shi ke ba shi ƙarfi da siffa. A waje kuma akwai ɓawo mai hawa-hawa, kowane hawa ya ɗora a kan na ƙasansa. In ɓawon nan ya kwanta, gashi na sheƙi, yana riƙe ruwa gwargwado, ba ya sarƙewa. In ya ɗaga ko ya ɓantale saboda zafi, rilaksa, rini, sabulu mai kaifi ko taza da ƙarfi, ruwa zai shiga da sauri ya fita da sauri, tsakiyar silin kuma ta fara zaizayewa.

Gashin da ya riga ya fito daga fata ba shi da rai, don haka ba ya warkewa. Man gyaran gashi mai furotin yana like wuraren da suka ɓantale ne na ɗan lokaci, bayan wanki kaɗan ya fita. Kwandishana kuma tana kwantar da ɓawon, ta sa silin ya yi laushi ya lanƙwasu ba tare da ya karye ba. Duk wadda ta saba kai shadda wurin mai wanki da guga ta san yadda abin yake: in sitati ya yi kaɗan sai ta langaɓe, in ya yi yawa sai ta sandare har ta tsage a wurin kari.

Mai kuwa ba danshi ba ne. Man kaɗanya, man zaitun da man kwakwa ba su da ruwa a cikinsu. Aikinsu su rage saurin fitar ruwan da ya riga ya shiga. Shafa mai a busasshen gashi ƙyalli kawai zai ba shi, cikinsa na nan a bushe.

Ki wanke tas, sannan ki gwada

Mata da yawa na cewa gashinsu ya bushe, alhali dauɗar mai ce ta taru ta hana ruwa shiga. Alamarta ita ce gashi ya yi nauyi, ya yi danƙo a yatsa, ya rasa sheƙi, ruwa kuma ya riƙa gangarewa a kansa na ɗan lokaci kafin ya jiƙe. A wannan hali duk gwajin da kika yi zai ruɗe ki. Ki fara wankewa da shamfu mai kumfa sosai, sau biyu a jere, ki ɗauraye, kada ki shafa komai tukuna.

Daga nan ki ɗauki sili huɗu ko biyar daga cikin waɗanda suka fita a mataji, in da hali daga goshi, tsakiyar kai da ƙeya, domin ba ƙarfinsu ɗaya ba. Ki jiƙa kowanne, ki naɗe bakinsa biyu a yatsu, ki ja a hankali.

Lafiyayyen sili zai miƙe, har kusan kashi ɗaya cikin uku na tsawonsa, in kin saki ya koma yadda yake. In ya tsinke nan take ba tare da ya miƙe ba, kuma gashin in ya bushe yana da kaushi, yana ƙara in kin murza shi, to danshi ne ya yi masa kaɗan, ko furotin ya yi masa yawa. In kuwa ya yi ta miƙewa bai dawo ba, daga baya ya rabu ba wani ƙarfi, kuma a kai yana da laushin da ya wuce kima, ya langaɓe, lanƙwasar ba ta tsayawa ko da kin sa jel, to ƙarfi yake nema. Gwajin gida ne, ba ya rasa kuskure, shi ya sa ake yin sa da sili da yawa, a kuma haɗa da abin da hannu ke ji.

Ranar wankin kai

Sau ɗaya ko biyu a mako ya ishi yawancin masu irin wannan gashi. Maiƙon fatar kai na gangarowa a jikinsa da sauri fiye da yadda yake yi a curarren gashi, don haka barin sa wata guda ba wanki, yadda ake yi da kitso, yana kawo amosani da wari.

Minti 30 zuwa awa ɗaya kafin wanki, ki shafa ƙaramin cokali ɗaya na man kwakwa daga tsakiyar gashin zuwa baki. Wani bincike da aka yi a Indiya aka buga a 2003 ya gwada man kwakwa da wasu mayuka biyu, ya samu cewa shi ne ke ratsa cikin sili yana rage zubar furotin lokacin wanki. Amma akwai gashin da man kwakwa ke sandarar da shi, musamman da sanyi lokacin da man ke daskarewa. In naki haka yake, ki koma man zaitun ko man riɗi.

Ruwan ya zama mai ɗumi-ɗumi, wanda za ki iya barin hannu a ciki. Ki zuba shamfu kamar babban cokali ɗaya a tafin hannu, ki sirka da ɗan ruwa, ki cuɗa fatar kai da tsokar yatsu, ban da farce. Kumfar da ta gangaro ta isa wanke sauran gashin. Kada ki tattara shi a tsakiyar kai ki cakuɗa, nan ne sarƙewa ke farawa.

Ki matse ruwan, ki shafa kwandishana babban cokali ɗaya ko biyu, daga daidai kunne zuwa ƙasa. Fatar kai ba ta bukatarta. Yanzu ne lokacin taza, tana jiki: da yatsu tukuna, sannan mataji mai manyan haƙora, daga baki ki hau sama kaɗan-kaɗan. Jiƙaƙƙen gashi ya fi rauni, don haka in mataji ya maƙale, ki tsaya ki warware da hannu. Bayan minti uku zuwa biyar ki ɗauraye.

Tun yana ɗigar ruwa za ki sa abin da zai zauna a jikinsa. Kwandishanar da ba a ɗaurayewa, gwargwadon ƙwayar gyaɗa biyu, ki murza a tafi ki shafa. Sai jel mara nauyi, ki riƙa dunƙule gashin a tafin hannu daga baki kina tura shi sama zuwa fatar kai, kina matsawa a hankali. Wannan dunƙulewar ce ke fito da lanƙwasa. Ki tsane ruwan da tsohuwar riga ta auduga mai laushi, kada ki goge da tawul. Ki bar shi ya bushe ba tare da kina taɓa shi ba. In ya bushe zai ɗan yi tauri saboda jel, sai ki ɗiga mai ɗigo uku ko huɗu a tafi, ki sake dunƙulewa, taurin zai saki. Ɗigo uku ko huɗu muka ce, ba lakuce ba. Man kaɗanya kuwa, in za a sa, ɗan mitsitsi ne a narkar a tafi a shafa a baki kawai.

Sabulun salo, kanwa da ruwan rijiya

Fatar kai da gashi sun fi son abu mai ɗan tsami, wajen 4.5 zuwa 5.5 a ma'aunin pH, wato ma'aunin da ke nuna tsami ko kaifin abu: ƙasa da 7 tsami ne, sama da 7 kuma kaifi irin na kanwa. Sabulun salo da sabulun wanki suna can sama, wajen 9 zuwa 10, kuma hakan na ɗaga ɓawon gashi. Ga wata matsalar kuma: ruwan wasu rijiyoyi da burtsatse na da gishirin ƙasa irin su kalsiyam, wanda in ya haɗu da sabulu sai ya bar wata farar dauɗa a jikin gashi. In butar da kike dafa ruwa na yin farin ɓawo a ciki, ko sabulu na wahalar kumfa, ruwanki irin wannan ne. Wanda ake saye wurin 'yan garuwa ma ya danganta da inda suka ɗebo.

Maganinsa mai sauƙi ne. Babban cokali ɗaya na khal ɗin tuffa a kofi biyu na ruwa, ki kwarara bayan shamfu, ki bari minti biyu, ki ɗauraye, sannan ki sa kwandishana. Sau ɗaya a mako biyu ya isa. Kada ki zuba khal ko ruwan lemun tsami zalla, kuma kada ki yi shi in akwai ƙurji ko rauni a kai.

Karkashi kam abin yabo ne, iyayenmu ba su yi kuskure ba. Yauƙinsa na sa mataji ya wuce ba tare da ja ba, kuma ba ya nauyaya gashi. Ki jiƙa babban cokali biyu na busasshen ganyen a kofi biyu na ruwan ɗumi, minti 20, ki tace da ƙyalle mai laushi sosai don kada ɓurɓushi ya maƙale. Sharaɗi ɗaya ne: ban da kanwa. Kanwar da ke gyara miyar karkashi ita ce ke ɗaga ɓawon gashi ta bar shi da kaushi. Kuɓewa ma na aiki: guda biyar ko shida a yanka, a tafasa a kofi biyu na ruwa minti goma, a tace, a bari ya huce. Tana maye gurbin jel mara nauyi. Irin waɗannan haɗin ba su da maganin hana lalacewa, ga wuta ba tabbas, don haka ki haɗa na rana ɗaya ko biyu kawai. Da ya canja wari, ki zubar.

In ƙarfi ne ya yi ƙaranci

A nan ake yawan ɓata kuɗi da ƙwai. Furotin ɗin ɗanyen ƙwai manya ne, ba sa ratsa sili, galibinsu na bin ruwa su tafi. Gwaiduwa na sa laushi saboda maiƙonta, amma wannan ba ƙarfi ba ne. In kuma aka ɗauraye da ruwan zafi, ƙwan ya dahu a cikin gashi, tsince shi aiki ne. Ƙwan nan ya fi amfani a ciki.

Abin da ke aiki shi ne furotin da aka farfasa ƙanana. In kin je shago a Sabon Gari ko Samaru, ki juya robar ki karanta jerin abubuwan da aka haɗa. Ki nemi kalmar Hydrolyzed, biye da ita za ki ga Keratin, Wheat Protein, Silk ko Collagen. Ana jera kayan haɗi daga mafi yawa zuwa mafi ƙaranci, don haka in kalmar ta zo cikin biyar na farko, mai ƙarfi ne, in kuma tana can ƙarshe, ɗan kaɗan ne, ya dace da amfanin kowane mako. Ki duba ranar lalacewa da lambar NAFDAC.

Gashin da bai taɓa ganin rilaksa ko rini ba, mai ƙarfin ya ishe shi sau ɗaya a mako huɗu zuwa shida, wani ma ba ya bukata sam. Wanda aka yi wa rilaksa, rini ko guga akai-akai zai iya kaiwa sau ɗaya a mako biyu zuwa uku har ya farfaɗo, sannan a rage. Ana sa shi bayan shamfu, a jiƙaƙƙen gashi, na tsawon lokacin da aka rubuta a roba, yawanci minti biyar zuwa 15. Ƙara lokaci ba ya ƙara amfani, sandarewa yake kawowa. Kada ki taje yayin da yake jiki. Bayan kin ɗauraye dole ki bi da kwandishana mai laushi, in ba haka ba washegari za ki ga gutsattsari a kafaɗa.

Ruwan shinkafa da ya yi tashe, yawancinsa sitati ne da ɗan furotin. Yana sa siririn gashi ya ji kamar ya yi kauri, amma yana taruwa. Rabin kofi na shinkafa da aka wanke, a jiƙa a kofi biyu na ruwa minti 30, a tace, a bar shi a kai minti biyar zuwa goma, a ɗauraye. Sau ɗaya a mako biyu. Masu kwana da shi a kai ko masu fesa shi kullum su ne ke zuwa da gashi mai kaushi suna cewa ya bushe.

Lalle ma yana cikin wannan sahu. Launinsa na kama keratin ya zauna, gashi ya ƙara kauri da tauri, kuma in aka maimaita sau da yawa yakan sassauta lanƙwasar. Kada ki haɗa lalle da man furotin a mako ɗaya. Baƙin dayis da ake haɗawa da lalle kuwa yakan ƙunshi sinadarin PPD, wanda ke kumbura wa wasu fata da fuska sosai. Ki gwada ɗan kaɗan a bayan kunne, ki jira awa 48.

In danshi ne ya yi ƙaranci

Ki ajiye duk abin da ke da furotin, har da ruwan shinkafa da lalle, na mako uku zuwa huɗu. Kowane wanki ki yi sitimin a gida: kwandishana mai kauri wadda ba furotin, babban cokali biyu, ƙaramin cokali ɗaya na zuma, ƙaramin cokali ɗaya na man zaitun. Ki shafa, ki rufe da hular leda, ki naɗa tawul mai ɗumi, minti 20, ki ɗauraye. Kada ki kwana da shi. Gashin da ya daɗe a jiƙe yana kumbura, in ya bushe ya tsuke, kuma yawan wannan kumburi da tsukewa na gajiyar da ɓawon har ki faɗa ɗaya matsalar, wato langaɓewa.

Hunturu, bazara, damina

Yanayin Zariya na juyawa sosai, kuma abin da ya yi miki aiki a Agusta zai iya ba ki kunya a Janairu.

Daga Nuwamba zuwa Fabrairu iska ta bushe ƙayau, ga ƙura. Danshi ne kan gaba. Ki rage furotin, ki riƙa sitimin kowane mako, ki ƙara ɗan mai a baki. Ki lura da gilisarin: aikinsa jawo ruwa daga iska, to in iskar ba ruwa, ba abin da zai jawo, wasu ma sukan ga gashinsu ya ƙara bushewa. In yana cikin ukun farko a jerin kayan haɗi, ki ajiye robar har a fara ruwa. Tsakanin wanki, ki fesa ruwa da aka sirka da ɗan kwandishana, ƙaramin cokali ɗaya a rabin kofi, ki dunƙule, lanƙwasar za ta dawo.

Maris zuwa Mayu zafi ne da gumi ƙarƙashin ɗankwali da hijabi. Ki ƙara yawan wanki, ki rage mai. Da damina kuma, musamman Yuli da Agusta, iska cike take da laima, gashi na shan ruwa daga iska ya tashi buzu-buzu ko ya kwanta laƙwas. Lokacin nan ne ake ɗan ƙara furotin, a ƙara jel, a rage sitimin zuwa sau ɗaya a mako biyu.

Ɗankwali, kitso da zafi

Matan aure da ke yawan jiƙa kai saboda wankan tsarki su fi kowa kiyaye wannan: kada a ɗaure jiƙaƙƙen gashi a rufe. Laima da ɗumi ƙarƙashin ɗankwali na ƙara amosani da ƙaiƙayi, silin kuma ya daɗe cikin rauni. Ba kowane wanka ke bukatar shamfu ba. Ki tsane da riga, ki shafa ɗan kwandishana a baki, ki zauna gaban fanka ko ki yi amfani da diraya a matsakaicin zafi, tazarar taƙi ɗaya na hannu daga kai, kina motsa ta.

Hular ciki ta auduga na shanye danshi tana goge goshi. Ki sa ta satin, da rana ƙarƙashin hijabi, da dare kuma wajen barci. Ki guji ɗaure gashi da robar kuɗi, kuma kada ƙullin ya riƙa zama wuri ɗaya kullum, a nan yake fara karyewa.

Wajen kitso, irin wannan gashi na da santsi, yana zamewa, sai mai kitso ta ƙara ja don ya kamu. Ki gaya mata tun farko: manya, sako-sako, a bar gashin goshi. In kin kasa ɗaga gira, ko kin ga ƙananan ƙuraje a gefen goshi, kitson ya yi tsauri, a kwance shi ranar. Jan da aka daɗe ana yi na kashe saiwar gashi, kuma in ta mutu ba man da ke dawo da ita. Kada kitso ya wuce mako biyu. Wajen tsifa, ki warware ki cire gashin da ya zube da yatsu kafin ruwa ya taɓa shi, in ba haka ba zai dunƙule.

Rilaksa, a ganinmu, gashi mai lanƙwasa ba ya bukatarta. Tana karya mahaɗan da ke riƙe keratin har abada, lanƙwasar kuma ba ta dawowa sai sabon gashi ya fito. Wadda ta riga ta fara, ta sa a sabon tofo kawai, tazarar mako takwas zuwa 12. Abin miƙar da gashi na lantarki kada ya wuce digiri 180 a ma'aunin Celsius, kuma kada ya taɓa gashi mai sauran laima: ruwan da ke cikin silin zai tafasa ya fasa shi daga ciki. Bakin da ya riga ya tsage ba ya haɗewa, a datse santimita ɗaya da almakashi mai kaifi duk wata uku. Gashi na tsiro kimanin santimita ɗaya ne a wata, don haka ba za ki yi asarar tsawo ba.

In za ki canja wani abu, ki canja ɗaya tak, ki jira wanki biyu ko uku kafin ki yanke hukunci.

Ki kuma bambance karyewa da zubewa. Gajerun gutsattsari karyewa ce, ita ce duk abin da muka yi bayani ke magancewa. Dogon sili mai ɗan farin kai a gindi kuwa daga saiwa ya fita, kuma 50 zuwa 100 a rana ba matsala ba ce. Mai jego takan ga zubewa mai yawa wata biyu zuwa huɗu bayan haihuwa, yawanci yana tsayawa da kansa. Amma in zubewar ta wuce wata shida, ko ta zo da kasala da jiri, ko wani wuri ya yi sanƙo, ko yaro ya fito da makero, wannan ya wuce aikin kwandishana. Ƙarancin jini, ciwon maƙoƙo da cutar fata duk suna kawo haka. A je asibiti a auna jini, in an tura ki wurin likitan fata a asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, ki tafi da robobin duk abin da kike shafawa ya gani.